Neman Auta a Kan Keke Marar Birki

Ina cikin shekarata ta uku a Greensboro Yaya Hajara ta kira daga Damagaram ta ce jikin Inna ya yi nauyi. A gidanmu ba a cewa mutum yana mutuwa. In ka ji an ce jiki ya yi nauyi, to ka fara shirya zuciyarka. Ta ce sun ɗauko ta daga ƙauye sun kawo ta birni, ta bar cin tuwo sai ɗan kunu, kuma ba ta da wata tambaya sai ta Mutari.

"Kullum sai ta ce Auta bai kira ba? Haruna, na gaji da yi mata ƙarya. Ka nemo shi ta ji muryarsa, ko sau ɗaya ne."

Mutari ƙanena ne, shi ne autanmu, kuma ni na jawo shi Amurka. Mun zauna ɗaki ɗaya, muna aikin wanki a wani otal, amma zafin injin guga bai karɓe shi ba. Sai ya bi wasu 'yan Meziko zuwa duwatsun yamma, inda ake noman itatuwan nan da Nasara ke sarewa su kafa a tsakiyar falo lokacin Kirsimeti. Da farko yakan kira ni daga wani kanti. Daga baya shiru, wata da watanni. Abin da na sani kawai, wurin yana bayan garin Wilkesboro, sai an hau dutse an gangara wani kwari, kuma akwai farin coci a bakin hanya.

Na fara zuwa wurin Alhaji Mamman, dattijon 'yan Nijar na unguwarmu, mai mota har biyu. Ya saurare ni tsaf, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo, sannan ya sunkuyar da kai.

"Bon, Malam Haruna, ka san halin da ake ciki tun harin da aka kai New York. Can sama ba kamar nan ba ne. In ɗan sanda ya tsayar da mu, ni farmina na tuƙi lafiya lau, kai fa? Ina takardunka? Ka ga na kai ka na baro ka ke nan."

Gaskiya ya faɗa, bizata ta daɗe da mutuwa, amma ranar na ji haushinsa ƙwarai. Wani Habu mai tasi kuma ya ce shi ba ya tsoron kowa, in ba shi kuɗin mai, gobe da sassafe mu kama hanya. Na ba shi. Na yi ta zama a bakin ƙofa da jakata har rana ta take, wayarsa a kashe. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya riga ni gaisuwa, ya tambayi iyali, kamar ba shi ba.

To, sai keke. Kada mai karatu ya ɗauka hauka ne. Ni ɗan keke ne tun ina saurayi. Da keke nake kai tabarmi da igiya kasuwar Damagaram daga ƙauyenmu, kaya ya fi ni tsawo, in dawo da gishiri da kananzir. A Greensboro ma da shi nake zuwa aiki, in ratsa ta unguwar Sedgefield masu motoci suna leƙena kamar sun ga raƙumi a filin ƙwallonsu. Keken na saye shi ne a ƙofar wani gida a Pleasant Garden, cikin tarkacen da suka fitar. Ƙarfe ne mai kyau. Wayar birkin gaba ta tsinke, robar na baya kuma ta cinye, amma wannan bai taɓa damuna ba. A wajenmu wa ke gyara birki? Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. In kana son tsayawa ka bar taka feda, ko ka ɗora tafin takalmi kan taya, ko ka karkata cikin yashi. Inna kaɗai ce ba ta yarda da wannan ba. Duk ranar kasuwa sai ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Haruna, birkin nan fa?" Ni kuwa in ce, "Inna, yashi ne birkinmu." Ta ce, "Wata rana za ka je inda babu yashi."

Ina ɗaure jaka sai maƙwabciyata Anti Rifkatu ta dawo daga aikin kula da tsofaffi. 'Yar Filato ce, mace mai faɗa da kirki a haɗe. Da ta ji inda za ni sai ta ajiye ledarta a ƙasa.

"Malam Haruna, ka taɓa ganin dutse kuwa? Ba tudun yashinku ba, dutse nake nufi. A watan Nuwamba? Da wannan 'yar rigar?"

Ta shiga ta fito da rigar sanyin mijinta da burodi da kwalbar man gyaɗa. Na karɓi rigar, na ce abincin ta bar shi, ai akwai mutane a hanya.

"Waɗanne mutane? Nan ba gida ba ne, my brother. Karɓi, kar ka sa in yi maka ihu." Ta cusa mini cikin jaka, ta matsa hannun birkin, ta ga ya tafi har ƙarshe ba abin da ya kama. "Yesu! Wannan fa?"

Na ce zan gyara a hanya. Na faɗa ne don ta bar ni in tafi.

Daga Greensboro zuwa Winston-Salem ban sha wuyar ƙasa ba, wuyar mutane na sha. Titunansu ba a yi su don mai keke ba. Farin layi ne kawai tsakaninka da manyan motoci, in ɗaya ta wuce sai iskarta ta ture ka cikin ciyawa. Wasu samari a wata jar mota suka jefo mini kofi cike da ƙanƙara, ya fashe a bayana, suna dariya. Ban ma ji zafin jifar ba kamar yadda na ji na dariyar. Sallolina a bayan gidajen mai na yi su, ina sauri, ina waige kamar ɓarawo. Na kwana a rumfar wani coci, na tashi tun kafin masu shi su zo.

Bayan Winston-Salem ƙasa ta fara ɗagawa tana sauka, gonakin taba da aka girbe, shanu jajaye masu ƙiba, gidaje can nesa da juna kamar sun yi faɗa. Ruwana ya ƙare da rana tsaka. Na hango wani gida a ƙarshen wata 'yar hanyar tsakuwa, hayaƙi na fita ta samansa, sai raina ya yi fari. A wajenmu matafiyi ba ya roƙon ruwa, hakkinsa ne. Ka tsaya nesa da ƙofa don mutuncin matan gida, ka ɗaga murya ka yi sallama, ka jira. Za a kawo maka ruwa a ƙwarya, sau da yawa har da fura, kafin ma a tambaye ka daga ina.

Haka na yi. Na jingine keke, na tsaya tsakiyar filin gidan, na tafa hannu, na ɗaga murya yadda aka koya mini.

"Salamu alaikum! Salamu alaikum, masu gida!"

Labule ya motsa. Na sake yi, na ƙara ƙarfi, don a tunanina ba su ji ba. Sai ƙofa ta buɗe, wani ƙato ya fito da doguwar bindiga, bai nuna ni da ita ba, ya dai riƙe ta a gicciye a ƙirjinsa. Bayansa wata mata tana magana a waya. Na ɗaga kwalbata sama ina cewa ruwa, ruwa, da ɗan Turancina. Ya ce in fita daga filinsa kafin ya ƙirga uku. Ban tsaya jin ƙirgar ba.

Na yi nisa sosai kafin in tsaya. Na sauka bakin wani rafi na sha, na zauna na yi kuka, ni da gemuna. Ba tsoron bindigar ya sa ni kuka ba. Na tuna yadda Inna ke ajiye randa guda a zaure don baƙi kawai, ta wanke ta, ta rufe da faifai, ko a shekarar da muke sayen ruwa. Ga ɗanta ya yi sallama an fito masa da bindiga. Daga nan ban sake nufar ƙofar kowa ba. Burodin Anti Rifkatu da man gyaɗarta su suka kai ni, Allah ya saka mata.

A Wilkesboro na sayi katin waya na kira gida daga wayar bakin kanti. Yaya Hajara ta ce jiya Inna ba ta gane mutane ba sai da yamma. Ta ce, "Kun haɗu?" Na ce saura kaɗan. Da na ajiye wayar na ɗaga kai, sai na ga abin da Anti Rifkatu take nufi. Ni na ɗauka hadari ne ya haɗu a yamma, baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan. Ashe dutsen ne.

Hawan nan ba zan iya kwatanta shi ga mutumin ƙasarmu ba. Hanya ta yi ta naɗewa, ka sha kwana kana cewa wannan ce ta ƙarshe, sai ka tarar da wata tana jiranka a sama. Na taka har cinyoyina suka ƙi, na sauka na tura. Gumi a cikin riga, sanyi a waje, yatsuna sun ƙage a kan kan keke. Hazo ya sauko ya rufe komai, ba na ganin ko tsawon igiyar guga a gabana, sai fitilun motoci su ɓullo kwatsam su wuce. Ina turawa ina zagin Mutari a zuci. Wane irin ɗa ne zai bar uwarsa wata da watanni ba ko gaisuwa? Na shirya maganganun da zan faɗa masa, masu zafi, na jera su, na sake jerawa. Su suka riƙa ɗumama ni. Na kwana cikin wata rumfar ciyawar shanu, na cusa jikina tsakanin dammuna, rigar mijin Anti Rifkatu har kunne.

Da hantsi na kai ƙololuwa, hazo ya yaye, sai ga kwarin a ƙarƙashina. Duk da halin da nake ciki sai da na ce Subhanallah. Duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, kawunansu fari fat da raɓar da ta daskare. Itatuwan Kirsimeti sun hau gangare layi-layi, kore shar, kamar kitson da gwana ta yi. Rafi yana walƙiya a tsakiya, shanu ƙanana kamar tumaki saboda nisa. Can ƙasa kuma, a bakin hanya, ga farin coci.

Na ce wahala ta ƙare. A hankalina hawa shi ne aiki, gangara kuwa hutu ce, kyautar Allah ga mai keke. Na hau, na ɗaga ƙafa daga feda, har da 'yar waƙa.

Kwana ta farko na sha ta da daɗi. Kafin ta biyu keken ya fara gudun da ban taɓa ji ba, iska tana fitar mini da hawaye. Na matsa birkin baya, ya yi ƙara kawai. Ban damu ba tukuna, na ɗora tafin takalmi kan tayar gaba yadda na saba tun ina yaro. Titin a jiƙe yake, tayar tana sulɓi. Na danna da ƙarfi. Sai warin roba, sai zafi ya ratso har tafin ƙafata, takalmin ya fizge ya tafi. Na duba dama, dutse ne a tsaye. Na duba hagu, rami ne da kan itatuwa a ƙasa. Idona yana neman yashi, wallahi yashi nake nema, inda zan karkata in faɗa. Babu ko tafi ɗaya. A nan na ji muryar Inna a bakin zaure, ras, kamar tana bayana.

Na yi kalmar shahada. A kwana ta gaba keken ya ƙi juyawa, muka bar titi tare, muka ratsa shingen waya, na tashi sama.

Da na farfaɗo ina kwance cikin ciyawa mai sanyi, wata saniya tana kallona tana tuƙa. Kafaɗata ta hagu ba ta wurinta, fatar ƙafata ta saluɓe daga gwiwa zuwa idon sawu. Keken yana can ya naɗe. Wani tsoho fari, siriri, da hular makiyayan shanu, yana saukowa daga tsohuwar motar ɗaukar kaya. Da na ga ya sa hannu a aljihu na rufe ido, na ce wannan karon an gama. Ashe hankici ya ciro.

Sunansa Roy, shanun nasa ne, shingen da na fasa ma nasa ne. Bai ce komai a kan shingen ba. Ya duba keken, ya matsa birki, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya ce shekarunsa duka a kwarin nan, ya ga masu tsere da kekuna masu tsada suna saukowa suna addu'a, amma bai taɓa ganin wanda ya sauko ba birki ba. Ya kai ni gidansa, ya wanke ciwon, ya rataye mini hannu da mayafin tebur. Ya ba ni ruwa a babban kofi, na shanye, ya ƙaro ban tambaya ba. Ya ce sai asibiti. Na ce a'a, sai na ga ƙanena, uwarmu tana bakin mutuwa. Na faɗi sunan Mutari, bai gane ba. Na ce baƙi ne kamata, yana aiki da 'yan Meziko.

"Oh," in ji shi. "Wanda inji ya cinye wa hannu."

Na ce ba shi ba ne. Ya ce baƙin mutum ɗaya ne tak a duk kwarin.

Muka hau motarsa zuwa wata gona a gefen dutse. Ma'aikata suna ta sara, suna cusa itatuwa cikin wani inji mai ƙara da ke naɗe su da igiya. A bayan gonar akwai wani dogon gidan kwano inda suke kwana. A ƙofarsa na ga mutum a tsugune yana juya tukunyar wake da hannun hagu. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Hannun damansa yana cikin safa, kuma ko daga nesa ana ganin safar ba ta cika ba.

Ya ɗago ya gan ni, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannu a rataye da mayafin tebur mai furanni. Ludayin ya faɗi.

"Yaya? Me ya same ka?"

Duk maganganun da na jera a kan dutse, ko ɗaya ban samu ba. Na ce, "Kai me ya same ka?"

Ya zare safar. Babban yatsa ne kawai da ɗan ƙaramin suka rage. Ya ce igiya ce ta sarƙe, ya sa hannu zai warware, wani ya tayar da injin bai sani ba. An ɗinke shi a asibiti, mai gonar ya bar shi yana dafa wa ma'aikata abinci.

"Shi ne ba za ka kira ba? Wata nawa, Mutari?"

"Yaya, ka san Inna. Ko gaisuwa na yi za ta ji a muryata. Tun ina yaro ban taɓa ɓoye mata abu ya ɓoyu ba. In ce mata me? Na tafi neman abin da zan rufa mata asiri na dawo ba hannun cin tuwo?"

Na gaya masa jikinta ya yi nauyi. Ya gane, ɗan gidanmu ne. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce ba zai iya ba, in kira ni in ce na gan shi lafiya. Nan raina ya ɓaci.

"Ni ta ce tana son ji? Ta gaji da jin muryata. Na kwana a rumfar shanu, an fito mini da bindiga, na faɗo daga kan dutse, don in koma in ce na gan ka? Tashi, ko in ja ka da hannun da ya rage mini!"

Roy bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya buɗe ƙofar mota ya tsaya yana jira.

A ɗakin girkinsa muka yi kiran, wayar tana manne a bango. Azahar ta yi a wurinmu, can gida an idar da magariba. Ni na danna lambobin katin da hannun dama, Mutari ya riƙe kan wayar da hagu, muka haɗa kunnuwa. Yaya Hajara ta ɗauka, ta yi salati, muka ji tafiyarta, muka ji tana cewa, "Inna, Inna, ga Auta."

Numfashi muka fara ji, mai nauyi, yana ja.

"Auta?"

"Na'am, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Kana lafiya?"

Na dubi Mutari. Ya ɗora guntun hannun a kan tebur yana kallonsa.

"Lafiya lau, Inna. Aiki ne ya yi yawa, wurin kuma ba waya. Yaya jikin?"

"Da sauƙi ƙwarai. Yau har tuwo na ci."

A bayanta muna jin Yaya Hajara tana shessheƙa. Inna ta yi shiru, shirun nan nata da muka sani, wanda take yi in tana auna mutum. Na tabbata ta ji. Ba ta tambaya ba. Ta ce, "To, Auta. Duk yadda Allah ya bar ka, kai nawa ne. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka." Mutari ya cusa fuska cikin kafaɗata, kafaɗar da ta goce, ban ce masa ya ɗaga ba.

"Ina Haruna?"

"Ga ni, Inna."

"Hajara ta ce wurin da nisa. Wa ya kai ka?"

"Da keke na zo."

Sai ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, tari ya katse ta, amma dariyarta ce ta bakin zaure.

"Haruna, birkin nan fa?"

Na dubi ƙafata, jini ya ɓullo ta cikin ƙyallen da Roy ya naɗa, yana ɗiga a kan daɓen ɗakinsa.

"Na gyara, Inna."

"Madalla," in ji ta. "Yau dai ka ji magana."

Katin ya ƙare muna cikin sallama. Ba ta kai Juma'a ba.